Hayaƙin Dudu a Hoton Dogo

Duk wanda ya zauna Yelwa a shekarun da aka yanke Jihar Kebbi daga Sakkwato ya san Dogo mai hoto, ko da bai taɓa taka shagonsa ba. Sunansa na yanka Rabi'u, amma in ka tambayi Rabi'u a bakin kasuwa sai a nuna maka wani mai faci. Mutum ne da ba ya shiga zaure sai ya sunkuya, in kuma ya hau jirgin ruwa mai tuƙi kan roƙe shi ya zauna tun ba a kwance igiya ba. Kullum kyamara na rataye a wuyansa, faratansa kuwa sun rine sun koma ruwan ƙasa saboda maganin wankin hoto. Ba shi da mugunta ko ta ƙwayar gero, kuma wannan shi ne abin da ya fi ba ni haushi a labarinsa.

A wani gungu aka haife shi, cikin tsibiran da ruwa ya haɗiye lokacin da aka datse kogi a Kainji. Innarsu ta rasu yana rarrafe, yayarsa Dudu ce ta goye shi, ta yaye shi, ta yi ta fama da shi har ya fi ta tsawo da kamu guda. Sana'ar su, wato kamun kifi, ba ta karɓe shi ba. Duk ranar da ya miƙe zai jefa birgi, ragar nan ta jifa, sai jirgi ya karkata, har masunta suka yi ittifaƙi cewa zamansa a tudu ya fi wa kowa alheri. Da ruwa ya tashe su, mijin Dudu, wato Dauda, ya ce shi ba zai zauna inda ba ya jin ƙarar ruwa ba. Ya kwashi iyalinsa ya kafa bukka a gaɓar tafki ta ƙasar Ngaski, ba nisa da Wara, a bayan wani ƙaton dutse mai kare iska. Mutane suka yi ta biyo shi har wurin ya zama Tungar Dauda. Shi kuwa Dogo ya hau mota ya nufi Yelwa, ya shiga koyon aiki wurin wani Bayarabe mai ɗaukar hoto da akwati mai ƙafa uku da baƙin ƙyalle.

Abu na farko da maigidan ya koya masa shi ne tsuguno. Ya lura duk wanda Dogo ya ɗauka sai ya fito da ƙaton kai da 'yan ƙafafu, saboda daga sama yake kallon mutane. Ya ce masa hoto ba abin da ke gabanka ba ne, inda ka ajiye idonka ne. A bangon shagon akwai wani tsohon hoton kogi na zamanin Turawa, ya yi ja don tsufa: ruwa shimfiɗe, giginya ɗaya a gefe, can a lungu wani ɗan jirgi da mutum a ciki bai fi tsinken ashana ba. Maigidan kan tsaya gabansa ya ce a dubi yadda aka bar wa sama fili, yadda aka duhunta gaba aka haska nesa, ido ya tafi bai yi tuntuɓe da komai ba. Dogo ya haɗiye wannan karatu har ƙashi. Bai taɓa tambayar ina mutanen gaɓar nan suka shiga ranar da Bature ya danna ba, alhali shi ɗan kogi ne, ya san babu gaɓar da ba ta da masu ita.

Shekaru suka tura, maigida ya koma garinsu, Dogo ya gaji shago. Aikinsa kullum hoton fasfo ne, na maniyyata da 'yan makaranta da masu neman aiki, kowa ya ƙame ya zare ido gaban farin zane. Yana yi ne kawai don tukunya ta hau wuta. A ransa kuwa ruwa da duwatsu yake so ya ɗauka, ga shi ba mai sayen hoton da ba fuskarsa a ciki.

Sai aka yi sabuwar jiha, kowa ya tashi da rawar kai. Wani Alhaji Mainasara, ɗan kasuwa kuma dillalin duk abin da za a iya dillanci, ya ce zai buga kalanda ta nuna wa duniya kyan ƙasar. Ya aika aka kira Dogo, ya ce masa yana son hoton tafki wanda in mutumin Legas ya gani zai ji kamar ya tattaro kayansa. Dogo ya fita daga gidan ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa. Ya san wurin da zai je, don tun tuni idonsa ke kan dutsen nan na Tungar Dauda.

A lokacin Dauda ya rasu, Dudu ce ke riƙe da gida da bandarta. Banda ita ce murhun laka mai zagaye da ake jera kifi a kai a kyafe shi da hayaƙi, kuma duk tungar ba mai banda irin ta Dudu. Ita ta ciyar da 'ya'yanta da ita, ita ta aurar da su. Dogo ya kwana gidanta, da aka sallame sallar asuba ya zagaya gaban dutsen ya tsaya. Daga tsaye yana hango komai ta saman dutse: jinkayen bukkoki, turakun shanyar komar kamun kifi, awaki, mata na hura wuta. Ya yamutsa fuska. Sai ya tsuguna kamar yadda aka koya masa, dutsen nan ya tashi ya haɗiye tunga ɗungurungum. Abin da ya saura sai ruwa, da baƙin dutse a gefen hagu, da hayaƙin bandoji da ya gangaro ta bayansa ya kwanta a kan tafki.

Abu ɗaya ya ɓata masa, wasu zannuwa da aka shanya a kan dutsen. Ya ɗaga murya ya kira yayarsa.

“Yaya, don Allah a kwashe tufafin ga, suna ɓata min wuri.”

Dudu ta leƙo, hannunta duk ƙayar kifi, ta ce, “Wurinka ne ko namu?” Amma ta zo ta kwashe, don ba ta taɓa iya hana shi komai ba.

Ya jira har wani masunci ya gitta can nesa, ya yi daidai da tsinken ashana, sannan ya danna.

Sauran aikin a ɗakin wanki aka yi shi, can Yelwa. A nan ne Dogo ke da hannu na gaske. Ya rage wa takarda haske don ruwa ya fito fari sol, ya sa tafin hannunsa ya kare hayaƙin don kada ya yi duhu, ya bar dutse ya sha haske ya yi baƙi ƙirin. Hayaƙin ɗanyen itace da kitsen tarwaɗa, wanda ke sa ido hawaye, ke kama tufafi wata guda, ya fito a takarda kamar gajimare ne ya sauko shan ruwa. Duk wanda ya gani sai ya ce sanyin asuba ne. Ko ƙamshin kifi ba ka ji a hoton nan, tsaf da shi kamar ba a taɓa yin fitsari a gaɓar ba.

Kalanda ta fito, hoton Dogo a shafin farko. A ƙarƙashi Alhaji Mainasara ya sa an rubuta cewa ga gaɓar tafki, fili fetal mai jiran masu zuba jari. Dogo ya karanta, bai ji komai ba, hankalinsa na kan sunansa da aka buga da ƙananan baƙaƙe a gefe. Ya naɗe guda ya kai wa Dudu da kansa. Ta goge hannu a zane, ta karɓa, ta juya shi sama da ƙasa.

“Ga dutsenmu na gani. To mu ina muke?”

Ya yi dariya ya ce, “Kuna baya, Yaya. Ai gwanintar ke nan.”

Ta dube shi ta ce, “Gwanintar ke nan,” ta soke kalandar a jikin zana ta koma kan kifinta.

Damina ba ta faɗi ba sai ga motoci sun fara zuwa tunga. Mutane masu takalma sau-ciki suka riƙa fitowa suna toshe hanci, su zagaya gaban dutse su tsaya su yi ta nune-nune, wani ma da kalandar a hannunsa. Ashe wani kamfani ne daga nesa ya ga hoton ya ce a nan zai gina masaukin masu yawon buɗe ido, kuma Alhaji Mainasara ne ɗan tsakani. Masu ikon sa hannu a gwamnati ba wanda ya taɓa zuwa wurin, kalanda ce rataye a bayan kujerunsu. Da aka ce musu akwai mutane, sai suka waiwaya suka dubi bango suka ce ina mutanen. Ka ji fa, mutane masu ido biyu da mota da direba, amma takarda suka tambaya. Aka zo aka kafa turaku masu jan fenti, ɗaya har a ƙofar bandar Dudu.

Ba ta aiko kowa ba, da kanta ta hau jirgin kasuwa ta zo Yelwa. Ta tarar da shi yana gyara wa wani maniyyaci hula. Ta jira ya gama, ta ƙi zama, ta ƙi shan ruwan da ya miƙo.

“Rabi'u,” in ji ta, kuma rabon da ta kira shi da sunan nan tun yana yaro. “Kai ka ɓoye mu, kai za ka hito da mu. An ce za a zauna a kan maganarmu. In anka tashe mu daga wurin ga, ban san inda zan kai bandata ba. Sau ɗaya ruwa ya kore ni, na yi haƙuri don ruwa na Allah ne. Wanga kuwa kai ne.”

Ya rufe shago a ranar ya bi ta. Jirgi ya yi ta tsaye-tsaye, ba su isa ba sai washegari da rana ta take tsaka. An yi sa'a ko rashin sa'a, ranar an kama warangi da yawa, ƙananan kifin nan da ake shanyawa a ƙasa, duk filin tunga ya rufe da su. Mata na fiɗar kifin kurungu, hanji tsibi-tsibi, ƙuda na biki. Dudu ta ce ya bari sai da safe, a yi shara, a kwashe shanya, kowa ya sa tufafin Juma'a a jeru a gaban masallaci kamar yadda ake yi wa hoto. Dogo ya ƙi. Zuciyarsa na tafasa, yana ganin kwalliya ce ta jawo masifa, saboda haka yanzu gaskiya tsirara zai ɗauka. Ya ce mata gaskiya ba ta bukatar tsintsiya.

Wannan karon bai tsuguna ba. Ya hau kan dutsen, shi da tsawonsa, ya leƙo tunga daga sama don kowace bukka ta shiga. Ya manta da karatun farko da aka yi masa, cewa wanda ka kalla daga sama ƙanƙancewa yake. Da ya koma ɗakin wanki kuma ya ƙara wa takarda haske, wai don bukkoki su fito ɓaro-ɓaro a iya ƙirga su. Suka fito kuwa. Amma ƙasa ta yi baƙi kamar gindin tukunya, warangin da ke walƙiya a rana ya koma kamar juji, ɗan ruwan da aka wanke kifi ya zama kwata, hayaƙin nan dai na jiya ya turnuƙe kamar gobara. Mutane kuwa sun zama ɗigo-ɗigo, ba fuska, ba suna. Garin gyaran gira ya tsone ido, kuma bai gani ba, don shi bukkoki kawai yake ƙirgawa.

Ranar zama dattawan tunga suka shiga da hotonsu a cikin leda, suna riƙe da shi kamar laya. Dogo na tsaye bakin ƙofa, ya sunkuyo da kai yana leƙe. Aka miƙa hoton hannu zuwa hannu, kowa ya gani sai ya taɓe baki. Alhaji Mainasara ya karɓa, ya duba, fuskarsa ta washe. Ya sauko da kalanda daga bango ya jera su biyu a kan tebur.

“Ranku ya daɗe, ni ba ni da ta cewa,” in ji shi. “Wuri ɗaya ne, mai hoto ɗaya ne, kuma ɗan'uwansu ne, balle a ce sharri. Ga yadda Allah Ya yi wurin, ga yadda sunka maishe shi. Ku zaɓi wanda kuke so baƙi su gani.”

Wani daga cikin masu zaman ya ce wannan ai annoba ce ke jiran rana, tashinsu ma taimakonsu ne. Saura suka gyaɗa kai. Ba wanda ya tambayi mene ne baƙin abin nan da ke shimfiɗe a ƙasa, da an gaya masa abincin da ake kaiwa har teburinsa ne. Da aka fito Alhaji Mainasara ya dafa Dogo a gwiwar hannu, don nan hannunsa ya kai, ya ce masa, “Malam Dogo, wanga na biyu ma ya fi yi min aiki.” Dogo ya fizge hannunsa. Ya zagaya ta bayan ginin ya tafi, don kada ya haɗa ido da dattawan tunga.

Aka tashi Tungar Dauda bayan kaka. Wasu suka gangara kudu, wasu suka haye ƙetare. Dudu ta koma wajen 'yarta Safiya, wadda ke aure a wani ƙauyen manoma a ƙasar Shanga, tafiya mai nisa daga bakin ruwa. Banda ba ta ɗaukuwa, laka ce, a nan ta bar ta.

Masaukin baƙi kuwa, tir. An ja katanga rabi, an kafa allo mai zanen gini hawa uku, daga nan kamfani ya yi ɓatan dabo. Allon ya yi tsatsa, katanga ta zama wurin shan inuwar ƙadangaru. An kori gari guda saboda allo.

Bayan shekara biyu Alhaji Mainasara, wanda kunya ba ta taɓa sanin ƙofar gidansa ba, ya sake aikowa. Wai yanzu zamanin hoto mai kala ne, yana son a ɗauko masa wurin nan dai, yadda yake a kalandar farko, ko a samu wani kamfanin. Dogo ya tafi, don tun ranar tashin bai sake taka wurin ba. Ya isa da sassafe, ya tsaya daidai inda ya tsaya, ya tsuguna. Dutse na nan, ruwa na nan shimfiɗe kamar faranti. Babu gajimaren da ya sauko, babu ɗan jirgi a nesa, babu komai da zai riƙe ido. Ya jira har rana ta ɗago. Sai ya miƙe tsaye ya leƙa ta saman dutse, ya ga fili fetal, sai zagaye-zagayen ƙonanniyar laka a inda bandoji suka zauna. Ya mai da kyamara cikin jaka bai danna ba.

Daga ranar Dogo bai ƙara ɗaukar ruwa ko dutse ba. Ya koma kan fasfo, ya sa kujera a shago yana ɗauka daga zaune. In wani ya yaba masa hoton kalanda, don har yau akwai masu tunawa, sai ya tofar da yawu ya ce a yi wata magana.

Ya daɗe yana jin nauyin zuwa wurin Dudu, sai da aka aiko masa ba ta jin daɗi sannan ya shirya. Ya same ta zaune a ƙofar ɗan ɗakin da aka ba ta, tana ɓarar gyaɗa, ta rame, hannuwanta sun yi fari ba ƙayar kifi ko ɗaya. Suka gaisa. Da ya sunkuya ya shiga ɗakin ajiye tsarabar da ya kawo, sai ya yi ido biyu da shi. Shafin farko na kalandar nan ne, an yanke rubutun ƙasa da kwanakin wata, an manna shi a bango saman gadonta, ƙuda sun yi masa zane a gefe. Ransa ya ɓaci, ya kai hannu zai ɓalle.

“Kak ka taɓa,” in ji Dudu daga ƙofa.

“Yaya, wannan abin ƙazanta ne. Shi ya kore ku. Bari in yage shi in ƙona.”

Ta dafa bango ta taso, ta shigo ta tsaya kusa da shi, kanta bai kai kafaɗarsa ba. Ta ɗora yatsa a kan farin abin da ya kwanta bisa ruwa, wajen da ya fi kauri, dab da gindin dutse.

“Ka ga wanga? Nawa ne. Na Hussaina siriri ne, ita busasshen kara take sawa, ga shi can sama. Ni ɗanyen itace nike sawa, shi ya sa nawa ke kwanciya. Tarwaɗa ce a kai ranar, ina tune.” Ta sauke hannu. “In jikokina sun tambaye ni ina ne gidanmu, nan nike nuna musu, in ce muna baya.”

Dogo ya janye hannunsa daga jikin takardar.

“Ka riga ka cire mu sau ɗaya,” in ji ta. “Bar min hayaƙina.”

Ta juya ta fita ta koma kan gyaɗarta. Shi kuwa ya tsaya a ɗakin, kansa na gugar rufi, ya ga kusurwa ɗaya ta takardar ta ɗago, sai ya sa babban yatsa ya danne ta.